Hoton Maƙeran Harlan Ferry

Harlan Ferry, Ohio
Nuwamba, 1886

Zuwa ga ƙanena Cornelius,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Drusilla da yaranku duka. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin Laberiyan nan taku, wanda kullum kake cewa ba komai ba ne, alhali da na ga rubutunka ya karkace na san ka sha kwanciya. Allah ya sa albarka a gonar, ya ba ku damina mai kyau, amin. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, ƙafata ta hagu tana nan da halinta. Ɗiyata Lettie ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Amos, sunan marigayi kakansa, kuma har kunnuwan ya kwaso, Allah ya ba shi haƙurinsu. Gahawar da ka aiko ta iso, Fasto Whitlock ya sha a gidana bayan sujada ya ce tunda yake bai taɓa shan irinta ba, tun daga ranar kuwa ziyarar marasa lafiya ta ƙaru a gidan nan duk da ba wanda ke kwance.

To, bari in zo kan abin da ya hana ni ɗaukar alƙalami tun da wasiƙarka ta iso. Ka ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba ka tsohuwar jarida, ka ga ƙungiyar Maƙeran garinmu sun ci tutar gasar ƙwallon gora ta garuruwan bakin kogi bana, har ka jefa hularka sama a tsakiyar gona. Ka ce ina hoton zakarun da ɗana Thaddeus ya yi maka alkawari. Ɗan naka ya karanta wasiƙar sau ɗaya ya kife ta a kan tebur, bai amsa ba, ba kuma zai amsa ba. Ni zan amsa. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a ƙyalle, shi bai ma san na aiko ba. Amma na haɗa ka da Allah kada ka kwance sai ka kai ƙarshen takardar nan, domin raina a ɓace yake, kuma kai ma kana da kasonka a ciki.

Kai ka fara, Cornelius. Kai ka sassaƙa masa gora da ƙafar tsohon teburin Mama, ka ɗinka masa ƙwallo da safa da fatar takalmi, ka tsayar da shi a bayan coci kana jifa yana cafkewa kana yi masa kirari. Da ka gama shuka abinka sai ka hau jirgi ka haye teku, ka bar ni da girbi. Ka san abin da mijina Amos ya bar wa yaron nan. Bai bar masa gona ba, bai bar masa gida mai bene ba. Shagon aski ya bar masa, da aska, da hannu. Tsofaffin da Amos ya yi wa aski shekara da shekaru su da bakinsu suka ce hannun ɗan ya fi na uban laushi, mutum sai ya yi barci a kujera bai san an gama ba. Baƙin mutum a garin nan in yana da wannan hannun, ba ya ɗaukar kaya a bakin kogi, ba ya cire wa kowa hula don a ba shi aikin yini. Wannan hannun shi ne duk abin da muka mallaka, shi kuma ya ɗauka ya kai filin ƙwallo.

Kada ka ce mini ai wasa ne, kai ma ka yi. Wasan da ka sani ya mutu. A zamaninka mai jifa yana sako ƙwallo ta ƙasa a hankali kamar mai miƙa wa yaro lemo. Yanzu an yarda ya ɗaga hannu sama ya jefo da iyakar ƙarfinsa, har akwai wata jifa da suka ƙirƙiro wadda ƙwallon ke tahowa sak, sai ta kusa ta karkace. Mai cafka kuwa yana tsugune a bayan mai bugu, ba abin da ke hannunsa sai 'yar safar fata mai yankakkun yatsu. Saboda haka suka yi dabara, mai cafka ya nuna yatsa a ɓoye tsakanin gwiwoyinsa, ɗaya miƙaƙƙiya, biyu mai karkata, mai jifa ya duba ya bi. Da haka hannu yake sanin inda zai tare. Wannan 'yar alamar ita kaɗai ce tsakanin mai cafka da karaya, ka riƙe wannan.

Mista Brandt mai ma'aikatar ƙarfe, wanda shi ke da ƙungiyar, ya ɗauko wani mai jifa daga Kentucky, Virgil Stroud. Gaskiya ɗaya ce, duk bakin kogin nan babu mai jifarsa. Fararen masu cafka biyu aka gwada masa, ɗaya ya koma gida da hannu a ɗaure, ɗayan ya ce shi yana da mata da 'ya'ya. Sai a lokacin Mista Brandt ya tuna akwai ɗan wanzaminsa da ke cafka wa ƙungiyar cocinmu. Ranar da Thaddeus ya fara sa rigar Maƙera ya shigo gida yana juyi, sai ka ce an naɗa shi gwamna. Ranar kuma Stroud ya faɗa a gaban kowa wai ba a haifi baƙin mutumin da zai nuna masa yatsa ya bi ba, shi zai jefa abin da ya ga dama, wancan in yana da ido ya gani. Haka kuwa ya yi tun daga bazara har kaka. Ɗanka ya nuna ɗaya, ya jefo mai karkata. Ya nuna biyu, ya sako miƙaƙƙiya kamar harsashi. Daga baya ma ya daina dubawa, sai ya riƙa kallon sama yana tauna taba. Thaddeus bai daina nunawa ba ko sau ɗaya, na tambaye shi dalili ya ce aikinsa ke nan.

Ni na ga hannuwan nan kowace yamma, ba labari aka ba ni ba. Farce ya fita, wani ya fito, shi ma ya fita. Gaɓoɓi suka kumbura har zoben ubansa sai da maƙeri ya yanke shi. Ni ke dafa ruwan gishiri in tsoma masa, ni ke yaga tsofaffin zannuwan gado in ɗaure. Masu cafka suna da wata al'ada ta cusa yankan ɗanyen nama a cikin safar don ya rage zafin dukan, to ni ke zuwa sayowa, har mahauci ya mai da ni abin tsokana, da ya hango ni sai ya ce Mahala, yau na miya ne ko na hannu. Tun ina dariya har na daina. Duk wannan kuwa in sun je wani gari shi a kicin ake ba shi abinci, 'yan kallo suna kiransa sunayen da ba zan ɓata takardata da su ba. Jarida ta cika shafi da Stroud, shi kuma a layin ƙarshe a ce mai cafkan ya yi ƙoƙari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa Fasto ya yi masa magana, na ɓoye masa takalman wasan a cikin buhun gari ya gano. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai Mama ki bari mu ci tuta tukuna. Wai duk ƙungiyar da ta ci tuta dole a zauna a ɗauki hoto, a rataye a zauren gari, a buga a kati a sayar har New York, hoto kuwa ba ya ƙarya, duk wanda ya duba zai ga da shi aka yi. Wai zai aika wa Kawu Cornelius ɗaya ya rataye a ɗakinsa, mutanen Laberiya su ga abin da ƙafar tebur ta haifa. Ka ji inda sunanka ya shigo. Na ce masa hoto ba ya riƙe aska, ya yi dariya ya sumbaci goshina ya fita. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ban taɓa zuwa filin ba sai ranar wasan ƙarshe, da 'yan Fito na garin Marlow, wanda duk ya ci shi ke da tuta. An rufe ma'aikata, an rufe makaranta, mu baƙaƙe kuma aka bar mu can bayan igiya kusa da inda ake ɗaure dawakai. Wasa ya yi nisa muna gaba da ɗan kaɗan, sai Stroud ya sako wata da ba a tsammani, na ji ƙarar daga inda nake, kamar an karya busasshen kara. Yatsan manuni na hannun dama ne, wanda ake ɗora wa a bayan aska. Ya tsage har ana ganin fari. Ka san doka, ba a canza ɗan wasa sai kyaftin ɗin ɗaya ɓangaren ya yarda. To na Marlow har da cire hula, wai ku canza shi mana, mun yarda da zuciya ɗaya, ku kawo wancan mai mata da 'ya'yan. Sun sani sarai in Thaddeus ya fita babu mai tare jifar Stroud, wasa ya zama nasu. Sai ga kyaftin ɗinmu, mutumin da tun bazara bai taɓa kiran ɗana da suna ba sai kai yaro, ya durƙusa a gabansa yana cewa Mista Tolliver, don Allah. Na yi ta ƙwala masa kira daga bayan igiya ina cewa ya fito, har Lettie ta riƙe ni da cikinta a gaba. Ya jiyo ni, don ya waiwayo. Ya sa haƙori ya yagi gefen rigarsa ya ɗaure yatsan, ya koma ya tsuguna.

A zagayen ƙarshe 'yan Marlow suka cika sansanoni, wato mutanensu suna tsaye a kowace matsaya suna jiran bugu ɗaya su rugo su ci, babban mai bugunsu ya shigo, saura jifa ɗaya ko a ci ko a sha ƙasa. A nan na ga abin da ban taɓa zata ba. Stroud ya tsaya gumi na zuba, ya tofar da tabar, sannan ya sunkuyar da kai ya dubi tsakanin gwiwoyin Thaddeus. Ya duba, Cornelius, har ya gyaɗa kai. Ɗanka ya nuna masa biyu da yatsan nan mai jini, ya jefo mai karkata, mai bugu ya kai wa iska duka har ya juya, ƙwallo ta zauna a hannun Thaddeus bai sake ta ba. Gari ya ɗauka. Aka ɗaga Stroud a kafaɗa aka yi cikin gari da shi da ganguna. Ɗana ya tako gida da ƙafarsa, hannu a rataye, fuska kuwa kamar an yi masa bushara da Aljanna. Bai ce mun ci ba. Abin da ya ce shi ne Mama kin gani, ya duba. Ina wanke ciwon ina kuka shi yana ta maimaitawa.

Washegari da hantsi aka tara su wurin Mista Fenwick mai hoto. Thaddeus ya sa na goge masa rigar, na ɗinke inda ya yaga, ya kwance ƙyallen hannun wai ba zai shiga hoto kamar majinyaci ba. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya. Wai Stroud bai wartsake daga giyar biki ba, an zaunar da shi a kujerar ƙarshen layi yana ta tangaɗi, ka kuwa san hoto sai an daskare kamar gunki har mai shi ya rufe akwatinsa. An ɓata gilashi, an sake, an ɓata. Da Fenwick ya gaji sai ya ce kai mai cafka, ai kai ka saba tare shi, tsaya a bayansa ka riƙe mini shi. Ya tsaya ya dafa kafaɗarsa ya danne, hoto ya ɗauku. Ya ce mini Mama, ko a hoto ma ni na riƙe shi. Ni ma na yi dariya ranar, Allah ya yafe mini.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce an kafa hoton a tagar shagon Fenwick. Muka tafi da kayan coci a jikinmu, ni da shi da Lettie da Fasto da rabin jama'ar cocin a baya. Ga su nan reras, ga tuta, ga Mista Brandt a tsakiya da agogonsa, har karen kyaftin yana kwance a gaba. A bayan Stroud kuwa babu kowa, sai baƙi kamar labule. Na goge idona na sake bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Thaddeus ya daɗe yana kallo, hularsa a hannu, sannan ya ce Mama mu je gida, miya za ta huce. Da zagi ya yi, ko ya fasa tagar, da ya fi mini sauƙi.

Litinin da sassafe na sa mayafina na tafi. Fenwick yana ganina ya fara rantse-rantse, wai shi ɗan aike ne, Stroud da wasu ne suka ce ba za a aika wa iyayensu hoto suna jere da baƙar fata ba, Mista Brandt kuma ya ba da umarni, shi ya sa wuƙa ya kankare yaron daga jikin gilashin. Na wuce ma'aikata na tura ƙofar ofis ban yi sallama ba. Mutumin nan, Cornelius, Amos ya sa masa aska a maƙogwaro tun yana ɗan gemu uku har ya yi furfura, bai taɓa yankansa ba. Ya miƙe yana murmushi wai Gwaggo Mahala, zauna mana. Na ce yaushe na zama ƙanwar ubanka, sunana matar Tolliver. Ya ce in yi haƙuri, shi a ransa ba ya bambanta kowa, amma kati sai an sayar har Kudu, kuma kowa a garin nan ya san abin da Thaddeus ya yi. Na ce kowa zai mutu, hoton ne zai saura, har karenku ya samu wuri. Na ce ranar da kuke neman tuta Mista Tolliver ne, yau kuma labule. Ya fara laluben aljihu, na ce in ya fito da abin da ke ciki zan watsa masa a fuska. Na fito, ban san na wuce ƙofar gidana ba sai da na ga kogi.

Ciwon ya warke amma yatsan ya sandare, likita ya ce ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, na kusa da shi kuma ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa. Makon jiya ya buɗe shago. Tsoho Dikin Purcell, dattijon cocinmu, ya zo ya zauna da gangan don ya ƙarfafa masa gwiwa, ya ce yi mini irin na ubanka. Ina shara a bakin ƙofa ina kallo ta wutsiyar ido. Ya wasa aska, ya shafa kumfa, ya ɗora, hannun ya ƙi. Ya gyara riƙo, ya sake, sai ga jini a haɓar tsohon. Dikin ya ce ba komai ɗana, ƙurji ne dama a wurin. Babu wani ƙurji. Thaddeus ya goge askar ya naɗe ya ajiye, ya ce wa ma'aikacinmu ya ƙarasa. Likita ya ce in ya huta wa hannun, ya koyi riƙo da sauran yatsun, mai yiwuwa aski ya dawo masa ko ba kamar da ba. In kuwa ya ƙara shekara ɗaya a bayan mai jifa, ko cokali sai ya yi da gaske.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mista Brandt, don rashin kunya, ya aiko wai yana son Thaddeus ya dawo da bazara, don Stroud ya ce ba zai yi jifa ga kowa ba sai shi. Ka ji fa. Ba zai zauna hoto da shi ba, amma ba zai iya wasa ba sai da shi. Ɗanka kuwa bai ce a'a ba. Shekaranjiya na same shi a bayan gida yana shafa wa safar nan mai, da ya gan ni ya tura ta ƙarƙashin benci kamar ɗan yaye. Na san abin da ke ransa, yana ganin tunda mutumin ya duba sau ɗaya zai sake dubawa. Ni bakina ya ƙare a wurinsa, na zama tsohuwa mai mita. Kai kaɗai yake ji. Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ka rubuto masa da jirgin farko, kada ka yi masa kirari, kada ka ce kana alfahari da tuta. Ka ce masa ka gani, ya isa, ya ajiye.

Ka gaishe mini da Drusilla da kyau, ka ce na gode da ƙyallen rini, na yi wa jariri zanen goyo da shi. Ka gaida Josephus da Minerva da ƙaramar da ban taɓa gani ba, mai sunana, Allah ya sa kada ta ɗauko zuciyata. Ka gaida Baba Hezekiah in yana raye. Lettie da mijinta suna gaisuwa, Fasto Whitlock yana gaisuwa yana kuma tambayar lokacin girbin gahawa.

Yanzu ka kwance ƙyallen. Kada ka ɓata lokaci kana neman fuskarsa. Ka je ƙarshen layin zaune, wurin mai gashin baki da idanu a lumshe, shi ne Stroud. Ka dubi kafaɗarsa ta dama. Fenwick ya ce ya so ya kankare har nan, amma in ya yi zai ɓata rigar zakaran, sai ya bari yana fatan ba mai lura. Na lura tun ranar Lahadin, ni na haife shi. Hannun nan da ke dafe da kafaɗar, mai yatsa a tsage da wani a karkace, wanda ba ya haɗe da jikin kowa, shi ne hoton da ɗanka ya yi maka alkawari. Ka rataye shi a ɗakinka, sannan ka zauna ka rubuto.

Ni ce yayarka, mai fushi da kai, mai kewarka kullum,
Mahala Tolliver